Kwarin da Babu Gara

Baba Yakuba mutumin Tanut ne, arewa da Damagaram, kuma a saman benen da nake haya a unguwar Darrasa ta Alƙahira yake zaune da iyalinsa. Ɗaki biyu ne aka ɗora a kan rufin, ga igiyar shanya, ga tankin ruwa, ga akuya ɗaya ta matarsa Zeinabu. Na zo Alƙahira karatu a shekarar 1978. Da yake ɗakina ba ya samun iska, nakan hau wurinsu bayan la'asar a sha shayi. Yawancin abin da zan faɗa daga bakinsa na ji, sauran kuma a gabana aka yi.

Mahaifinsa maharbi ne, kakansa ma haka. Ya ce kafin a bar shi ya taɓa bindiga, sai da ya shekara biyar ana koya masa duban ƙasa: wace dabba ce ta wuce, su nawa ne, yaushe, da ƙoshi suke tafe ko da tsoro. Farin 1973 ne ya raba shi da gida. Namun daji suka ƙare, shanu suka ƙare, sai ya ɗauki Zeinabu da 'yarsu Rahamatu, tana goye a lokacin, suka yi gabas da niyyar hajji. Sun ratsa Chadi, sun yi shekara biyu suna tsinkar auduga a Sudan. A can ciwon ido ya kama yarinyar, aka ce musu likitocin ido a Masar suke. Suka juya akala zuwa arewa.

Likitan da ya duba ta wani dattijo ne Bamisire, Dakta Hadi, mazaunin unguwar Zamalek. Da idon ya warke, ya tambayi uban sana'arsa. Yakuba ya ce shi maharbi ne. Ashe Dakta mutum ne mai son farauta, yana da bindigogi huɗu da karnuka biyu, kuma duk lokacin sanyi yakan tafi tafkin Fayyum harbin agwagin ruwa. Ya ɗauke shi aiki. Shi ke goge bindigogi, shi ke ciyar da karnuka, shi ke ɗauko agwagin da aka harbo. Kowace shekara kuma Dakta ne ke sa hannu a sabunta musu iƙama, wato takardar izinin zama. Da wannan takarda Rahamatu ta shiga makaranta.

Aikin bai dame shi ba, amma bai ɗauke shi farauta ba. Yakan ce agwagwa ba ta barin sawu a ruwa, kowa ma ya ɗaga kai zai gan ta.

A ƙarshen wannan shekara da na zo, Dakta ya ce abokansa suna son barewa, kuma Balaraben dajin da ya saba yi musu jagora ya rasu. Ya tambayi Yakuba ko zai iya shiga hamadar da ke yamma da tafkin kafin lokacin farauta, ya gano inda suke. Yakuba ya ce wannan ai shi ne aikinsa na gado. Ya tafi da salkar ruwa da dabino, ya kwana huɗu. A wani kwari mai itatuwan ƙaya, irin waɗanda a ƙasarsu ake kira kandili, ya tarar da sawu rututu da kashin barewa zube ko'ina, baƙi, kowane ƙwaya a cike, ba abin da ya taɓa shi. A gida akwai ƙa'ida da kowane ɗan maharbi ya sani: kashin da gara ba ta taɓa ba, bai wuce kwana uku ba. Ya dawo ya gaya wa Dakta cewa sun fi ashirin, kuma shekaranjiya suka wuce.

Mota biyu aka cika, da baƙi biyar. Suka kwana uku a kwarin, ko zomo ba su gani ba. A rana ta ƙarshe ɗaya daga cikin baƙin ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya murje ta, ta zama gari, ya hure ta daga tafin hannunsa yana dariya. Ya ce wannan ai tun bara ne, ko ma bara waccan.

Sai da suka iso Zamalek, Yakuba yana sauke kaya, Dakta ya kira shi gefe. Ya ce iƙamar bana ya riga ya sa hannu, ba zai janye ba, amma baɗi zai nemi wanda ya san hamada, kuma ba ya da wurin mutum biyu. Yakuba ya roƙi a ba shi lokacin farauta ɗaya tak. Dakta ya ce za a gani.

Watan nan na ga mutum ya rame alhali yana cin abinci. Yakan zauna da kofin shayi har ya huce. Abin da ya fi cin ransa, kamar yadda ya gaya mini daga baya, bai san inda ya yi kuskure ba. Ya bi abin da mahaifinsa ya koya masa, bai rage ba bai ƙara ba. In ba a sabunta takardar ba kuwa, Rahamatu za ta bar makaranta, su koma inda ba su bar komai ba.

Wata rana da yamma Zeinabu tana shara, ta zura tsintsiya bayan tankin ruwa ta jawo kashin akuyarta. Ta yi tsaki ta ce wannan tun azumi yake nan, wata huɗu ke nan.

"Ƙasar nan ko gara ta kirki babu," in ji ta. "Da a gida ne, da tuni an share mini."

Yakuba ya ajiye kofi. Ya ce ta sake faɗi. Ta dube shi ta ce lafiya, Malam? Ya tashi ya durƙusa a gaban sharar, ya ɗauki ƙwaya ɗaya yana juya ta a rana. Baƙa ce, a cike, ba abin da ya taɓa ta. Ya ce a kwana bakwai da ya yi a kwarin can, tafiya biyu, bai ga shuri ko ɗaya ba, bai ga buzuzu ba, kuma bai taɓa tambayar kansa dalili ba.

Daga ranar ya fara abin da ya sa unguwa ta yi ta magana. Ya ce tunda gara ba za ta ƙirga masa kwanaki ba, shi zai koyi ƙirgawa. Da farko a faifan Zeinabu ya riƙa jera sabon kashin akuya yana dubawa kowace safiya, har ta ƙwace abinta ta ce a nan take bushe kuɓewa. Shi ma ya lura iskar cikin gari da laima, ba irin ta hamada ba ce. Sai ya koma dutsen Muƙaɗɗam, wanda ke bayan Darrasa, tafiyar ƙasa da awa ɗaya. Kowace Juma'a da safe, ranar hutunsa, yakan ƙulle sabon kashi a tsumma, ya hau dutsen, ya zuba kaɗan a rana, kaɗan a inuwar dutse, ya sa alama da tsakuwa. Wani lokaci yakan ja akuyar ma, ya sa ta taka yashi, don ya ga yadda bakin sawu ke zubewa. Sannan ya bi na makonnin baya ɗaya bayan ɗaya, ya murje, ya shinshina.

Wasu ɗalibai suka fara cewa asiri yake binnewa. Nata'ala, wani Bakano mai shagon littattafai kusa da masallaci, shi kuwa abin nema ya samu, don tsakanin Kanawa da mutanen Damagaram akwai wasa. Duk sanda Yakuba ya wuce da akuya sai ya leƙo.

"Sarkin baka, yau ma an kai ɗalibar darasi? Kowa ya zo Masar neman ilimi, kai kuma kashin akuya ka zo haddacewa."

"Kai da ka shekara goma a cikin littattafai," in ji Yakuba, "wanne ka buɗe ban da na duba farashi?"

"Ma'alish, yi haƙuri. In ka sauke, a gaya mana mu zo walima."

"Za a yi. Abin da na haddace shi za a raba, kuma rabonka ya fi na kowa."

Amma da maganar asiri ta yi yawa, Nata'alan ne ya tsaya a bakin shagonsa ya ce wa ɗaliban su bar dattijo ya yi aikinsa, shi ya san abin da ake yi.

Wata tara ya yi yana haka. Ya bayyana mini abin da ya samu kamar mai biya karatu. Na kwana ɗaya yana sheƙi, kuma yana lotsewa. Na kwana uku ya yi tauri a waje, cikinsa kore ne, da wari. Bayan mako warin ya tafi. Bayan wata, gefen da ke kallon rana yakan yi toka-toka, ƙasan kuwa yana nan baƙi, don haka dole a juya shi. Daga wata uku zuwa sama ba nauyi, kuma ba ya ƙara canzawa, shi ya sa na bara da na bana suke kama a ido. Ya ce mahaifinsa bai yi ƙarya ba, ƙasar ce daban.

Da sanyi ya kusa, ya je ya tuna wa Dakta maganarsu. Dakta ya ce masa ya je ya duba. Wannan karon kwana tara ya yi. Tsohon kwarin yana nan yadda ya bar shi, da kashin da ya yaudare shi. Ya wuce shi, ya yi tafiyar rabin yini arewa, ya sami wani ƙaramin kwari mai kandili bakwai da suka fara zubar da 'ya'ya. Kashin da ke nan kaɗan ne, amma iri uku: na wajen kwana goma, na kwana biyar, da na jiya. Ya gane suna zagayowa cin 'ya'yan itacen duk bayan kwana huɗu ko biyar.

Ya gaya wa Dakta su shida ne kawai, kuma kada a tafi ranar Alhamis yadda aka saba, a tafi Litinin. Dakta bai gayyaci kowa ba. Ya ce kunya ɗaya ta ishe shi. Su biyu suka tafi a mota ɗaya, suka bar ta nesa, suka ƙarasa da ƙafa.

Da isarsu Yakuba ya ɗauki ƙwaya ya fasa, ya kai hanci, ya ce sun sake zuwa bayan tafiyarsa, kwana uku da suka wuce. Gobe ko jibi. Gobe ta zo, suka wuni a bayan wani dutse, iska na busowa daga kwarin zuwa gare su, ba abin da ya motsa. Dakta ya duba jarkar ruwa ya ce zuwa azahar ɗin gobe, shi ke nan, za su koma.

Yakuba ya ce mini washegari da safe bai iya ko addu'a mai tsawo ba, sunan Rahamatu kawai yake ta zuwa masa. Rana ta ɗaga kamar tsayin mashi biyu, sai ya ga wani abu fari ya gilma a bakin kwarin. Ya taɓa hannun Dakta. Suka shigo a jere, mata huɗu da ɗan ƙarami, suna tafe suna tsayawa. Dakta ya ɗaga yatsu biyar, yana kallonsa. Yakuba ya yi masa alama ya dakata. Can sai ga namijin a baya, tsoho, mai kaurin ƙaho. Yakuba ya nuna masa shi, ya girgiza kai a kan matan.

Dakta ya saita, ya daɗe yana saitawa, ya harba. Ƙura ta tashi kamu uku a gaban namijin, kuma kafin ƙarar ta gama yawo a cikin duwatsu, duk shidan sun ɓace.

Dakta ya zauna a ƙasa, bindiga a cinya. Sai ya fara dariya, har ya cire tabarau ya share ido. Ya ce shekara arba'in yana gyara idon mutane, yau ga nasa. Yakuba ya ce ma'alish, iska ce. Dakta ya ce babu wata iska, kada ya fara yi masa ƙarya yanzu da ya fara faɗin gaskiya.

A hanyar dawowa, sun kusa fita kan kwalta, Dakta ya ce ya kawo fasfo ɗinsu su uku ranar Asabar a sabunta iƙama. Sannan ya tambaya, baɗi in Allah ya kai mu, wane wata ya kamata a fara dubawa.