Gardamar Malam Ubale da Wayar da Ke Yankewa

A Tiga, in ka ce Ubale Mai Koma, har masu sayar da soyayyen kifi a bakin dam za su nuna maka gidansa. Ba a nan aka haife shi ba. Garinsu na asali yana ƙarƙashin ruwa tun lokacin da aka datse kogi, aka kwaso su yana ɗan saurayi, shi da ƙanensa Badamasi, a bayan motar itace tare da tukwane da awaki. Ubansu manomi ne, amma Ubale da ya ga ruwa ya cinye gona, sai ya ce to shi ma zai ci daga ruwan. Ya koyi kamun kifi, ya koyi saƙar koma, ya auri Delu, ya yi 'ya'ya. Badamasi kuwa ya bi fataken albasa zuwa Fatakwal, ya zauna can.

Mutum ne mai kyauta da barkwanci, amma yana da hali guda: ba a kayar da shi a gardama. In magana ta yi zafi, duk abin da ke gabansa sai ya sha duka da tafin hannu, tabarma ce ko gefen kwale-kwale. Delu takan ce ta daina ajiye masa kunu kusa in yana da baƙi.

Da girma ya zo, gwiwa ta hana shi shiga ruwa, ido kuma ya rage. Sai 'yar autarsa Ramla, malamar makarantar sakandare, ta ƙirƙiro masa abin ɗebe kewa. Sabis ba ya shiga cikin gidan sosai, don haka ta sa aka ɗaura na'urar intanet a kan dogon ƙarfe, aka jawo waya zuwa zaure. Kwamfutarta ba ta da ramin da wayar za ta shiga, sai ta sayo 'yar adafta mai kamar gaɓar rake, gefe guda a soka waya, ɗaya gefen a soka a ramin USB. Duk Juma'a bayan la'asar takan ɗora kwamfutar a kan teburin zaure, fuskar Badamasi ta cika allon.

Hirarsu ba ta wuce tsohon gari. Wa ke da gidan da ke bayan marina, wace ce ke dakan fura mai yaji, ina jakin Sarkin Pawa ya taɓa kayar da liman. Sai dai hirar ba ta kaiwa ƙarshe. Ana cikin magana sai fuskar Badamasi ta daskare, baki buɗe, sannan ta ɓace.

"Kin gani ko?" in ji Ubale. "Ya gudu! Tun yana yaro haka yake. Da ya ga zan kayar da shi sai ya kashe."

"Baba, ba Kawu ne ya kashe ba, intanet ne ya yanke."

"Intanet ɗin ya san lokacin da na yi gaskiya ke nan? Me ya sa ba ya yankewa muna gaisuwa?"

Gaskiya ne kuwa, ba ya yankewa a gaisuwa. Can Fatakwal ma Badamasi ya kira ta a waya yana ƙorafi: "Ramla, ki gaya wa Yaya in ba ya son jin gaskiya ya faɗa mini, ba sai ya riƙa kashe mini magana a baki ba."

Abin ya dame ta, don ta ga tsofaffin sun fara jin haushin juna da gaske. Ta sauya wayar intanet ɗin, bai hana ba. Ta mayar da adaftar ɗaya ramin, ta kashe na'urar kan ƙarfe ta kunna. Wata abokiyar aikinta ta ce wataƙila kwamfutar ce ke kashe ramin don tattalin batir, ta shiga saitin kwamfutar ta hana ta. Juma'a ta zo, aka sake yankewa. Ranar kasuwa ta hau babur zuwa Kafin Maiyaƙi wurin Mas'ud mai gyaran kwamfuta. Ya jona komai a shagonsa, suka zauna suna kallo har shayinsa ya huce, ko gezau.

"Malama, lafiyarta ƙalau," in ji Mas'ud. "Ramin dai ya ɗan saki, amma ga shi tana aiki. In za ta yanke, ki sa ido a kan 'yar koriyar fitilar nan ta jikin adafta, ki ga me ke faruwa a lokacin."

Juma'ar da ta biyo ba ta koma cikin gida ba kamar yadda ta saba. Ta zauna a gefe, idonta a kan fitilar. Aka gaisa, aka tambayi iyali, fitila na ƙyaftawa abinta. Sai Badamasi ya ce rijiyar tsohon gari tana gabas da masallaci.

"Yamma!" in ji Ubale.

"Yaya, gabas. Ni nake ɗebo wa Inna ruwa."

"Kai da aka goya ka ranar da aka yashe ta? Na ce yamma!" Ya ɗaga hannu ya maka wa teburin duka. Adaftar da ke reto a gefen kwamfuta ta yi tsalle, fitilar ta mutu, Badamasi ya daskare.

Dariya ta kama Ramla har da hawaye. Delu ta leƙo daga soro tana tambayar lafiya.

"Inna, na kama ɓarawon. Baba ne!"

Ubale ya ƙi yarda sai da aka gwada. Ta sake jonawa, fitila ta kawo, ta ce ya buga. Ya buga a hankali, ta mutu. Ya dubi tafin hannunsa, ya dubi adaftar.

"To ai laifin teburin ne," in ji shi daga baya. "Ƙafarsa guda ba ta kai ƙasa ba."

Duk da haka, shi da kansa ya ɗauko zaren koma ya ɗaure adaftar da wayar a jikin wani ɗan katako, ɗauri irin na masunta wanda ba ya kwancewa. Ramla ta mayar da kwamfutar kan wata kujera dabam, ta bar masa teburin ya yi ta duka. Da aka kira Badamasi aka ba shi labari, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Yaya, ashe kai ke gudu!"

Ran nan hira ba ta yanke ba. Badamasi ya kawo hujja bayan hujja, ya kira sunan wanda ya haƙa rijiyar, ya faɗi inda inuwar hasumiya ke faɗawa da hantsi. Ubale ya buga tebur har hannunsa ya yi ja, amma ƙanen nasa na nan a allo yana magana. Sai da aka kira magariba suka yi sallama, kowa na kan bakansa.

Ramla na naɗe waya, ya matso kusa da ita yana gyara hula, ya rage murya don kada Delu ta ji.

"Auta, ɗaurin nan da na yi... ba za a iya ɗan sassauta shi ba? Kawun nan naki ba ya gajiya da magana."