Dakalin da Ke Kan Kwata

A duk Kurmin Mashi, in ka cire mai unguwa shi kansa, babu wanda ya kai ni faɗa a ji. Abu ne da kowa ya sani, ko in ce abu ne da na yi ta gaya wa kowa har ya sani. Mai unguwarmu abokin yayana ne, tare suka tashi, tuwon gidanmu ne ya yi masa wannan tsawon da yake taƙama da shi. Ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, sannan aka ba shi unguwa, amma har gobe ƙanena yake ce mini. In zai wuce da yamma yakan rage tafiya a ƙofar gidana mu gaisa. Da ya ba da baya sai in juya ga 'yan majalisa in ce shawara ya zo nema.

Majalisar kuwa a kan dakalina take zama. Marigayi Baba ne ya gina shi tun unguwar ba ta cika ba. Ya ɗora shi a kan kwatar da ta bi ta ƙofar gidajen layinmu, ya zuba masa rodi da siminti kamar mai gina gada. Na sha faɗa cewa da za a share shi da kyau, ƙaramin jirgi zai sauka a kai ya juya. An ɗaura aure a kansa, an karɓi gaisuwar mutuwa, kuma kullum tsakanin la'asar da magariba mukan naɗa gwamna mu sauke shi, mu gyara ƙasa gaba ɗaya, sannan kowa ya tafi alwala. A wurinmu mai dakali shi ne mai majalisa. Shi ke buɗe hira, labarinsa ake ji na ƙarshe. In ba dakalin nan, ni mai sayar da takalma ne kawai a gefen tashar Kawo.

Layinmu gangare ne. A can ƙarshensa akwai gidan wata tsohuwa da duk muke kira Inna, mai sayar da daddawa da kuka, ita da jikokinta a ginin ƙasa ɗaya tilo da ya rage a layin. Mu na sama kowa ya rufe kwatar ƙofar gidansa da abin da ya ga dama. Wani dakali, wani rumfar shago, wani gadar shigar da mota. Kwata ta cika da yashi, babu ta inda shebur zai shiga. Saboda haka in aka yi ruwa sai ya bar kwatar ya hau titi, ya gangara da gudunsa, zauren Inna ne masaukinsa. A daminar da nake ba da labari, katangar ɗakin da take kwana ta tsage.

Mai unguwa ya naɗe ƙafar wando ya shiga gidan ya gani. Ya yi ta zirga-zirga zuwa ƙaramar hukuma har takalminsa ya cinye, ni shaida ne domin ni na sayar masa da wani. Daga ƙarshe aka ce za a ba shi leburori da tifar kwashe yashi, da sharaɗin a buɗe kwatar daga sama har ƙasa.

Wata ranar Laraba na dawo daga shago na tarar da alamar jan fenti a kan dakalina, ƙatuwa, kamar an yanka rago. 'Yan majalisa suna tsaye cirko-cirko, babu wanda ya zauna. Na yi dariya na ce kuskure ne, su ba ni minti kaɗan.

Na sami mai unguwa a zaurensa.

"Ranka ya daɗe, yaran nan masu fenti sun yi ɓarna. Har dakalin Baba suka shafa wa."

Ya ɗago hannunsa na dama ya nuna mini. Ja ne har wuyan hannu.

"Ba yara ba ne, ƙanena. Ni ne."

"To ai shi ke nan ma, tunda a gida abin yake. Ɗan kananzir zai goge shi."

"Ka je ka ga ɗakin Inna?"

"Na dai ji labari."

"Je ka gani. Wannan hannun naka mai kauri zai shige tsagar har gwiwar hannu. In aka yi ruwa mai ƙarfi sau biyu, kanta zai faɗo. Da za ka shigo ba ka duba ƙofar gidana ba?"

Na duba da zan fita. Gadar da motarsa ke hawa ta shiga gida ita ma tana da nata jan fentin. Na ce a raina wannan na ganin ido ne. Na sha ganin manya suna sa sunansu a sahun farko, ranar aiki kuma a ce sun yi tafiya.

Sai na yanke shawarar kamun ƙafa. A unguwarmu akwai mutum ɗaya da ba a mayar wa da magana, shi ne limamin masallacin layinmu. Ɗan ƙaramin dattijo ne, muryarsa sai ka matso kake ji, amma mai unguwa da duk tsawonsa a ƙasa yake zama in ya je gaishe shi. Na san in Malam ya ce a bar dakali, an bar shi har tashin duniya.

Na same shi bayan la'asar, ya sallami ɗalibai. Na durƙusa na kwashi gaisuwa, sannan na buɗe baki. Ban taɓa tsara magana kamar ranar ba. Na ce dakalin nan sadaka ce mai gudana ga Baba. Na ce matafiya na hutawa a kai, tsofaffi na miƙe ƙafa, in aka fasa shi zumuncin layin ne aka fasa. Har na ji tausayin kaina. Malam yana jan carbi yana saurare, bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "Su wa da wa aka shafa wa fentin?"

Na lissafo masa.

"Duk wanda ke kan kwatar ke nan?"

A nan bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ina fa duka, Allah Ya gafarta Malam. Ga wurin alwalar masallaci nan, shi ma a kan kwatar yake zaune daram, mai unguwa ko kallonsa bai yi ba. Tunda ana iya tsallake wani, ai sai a haɗa da nawa."

Carbin ya tsaya.

"A kan kwatar yake?"

"Ƙwarai kuwa. Da aka faɗaɗa shi aka sa famfuna, ai a kanta aka zuba dabe."

Ya ci gaba da jan carbinsa, ya ce, "To, madalla. Zan sami mai unguwa, in Allah Ya so."

Na fito ina tafiya kamar wanda ya ci zaɓe. Na zauna a kan jan fentin da gangan, na ce wa 'yan majalisa magana ta ƙare, kowa ya zauna. Har shayi na saya musu.

Ranar Asabar da hantsi ƙarar guduma ta fito da ni daga gida. Na bi sautin har masallaci. Mutane sun taru, leburori na tsaye da sheburansu suna kallo. A tsakiya ga Malam, ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannun 'yar ciki, yana ɗaga gudumar da ta kusa kai shi nauyi yana sauke ta a kan daben wurin alwala. Dukan nasa ko ƙwai ba zai fasa da kyau ba, amma tayil ɗin farko ya riga ya dare.

Mai unguwa na gefensa yana roƙo. "Malam, da ka bari mun nemi wata dabara. Ni da kaina na tsallake nan."

"Na sani. Kunyata ka ji, na kuma gode. Amma ruwan ba ya jin kunyata, wucewa yake ya shiga ɗakin baiwar Allah."

Wani Alhaji mai shagon kayan gini, wanda shi ya ba da tayil ɗin kyauta, ya matso rai a ɓace. "Allah Ya gafarta Malam, ɗakin Allah ne fa. A ina jama'a za su yi alwala?"

"Alhaji, kafin famfo da me muke yi? Butoci na nan a bayan ƙofa. Ladanka na tayil an riga an rubuta, ba ya cikin abin da guduma ke fasawa. Ni dai ba zan ja mutane salla ba alhali wurin da muke tsarki shi ke rushe wa tsohuwa ɗaki."

Can sai ga Alhajin ya karɓi gudumar daga hannun Malam, wai kada dattijo ya ji wa kansa ciwo, shi ya ƙarasa.

Malam yana share gumi ya hango ni a bayan mutane ina ƙoƙarin zama ƙarami, abin da jikina bai taɓa yarda da shi ba. Ya yafito ni.

"Ka ga na same shi, kamar yadda na ce maka. Allah Ya saka maka da alheri. Shekara da shekaru ina alwala a nan ban san abin da ke ƙarƙashina ba, sai da ka faɗa."

Jama'a suka juyo suna sa mini albarka. Na amsa da amin, muryata kamar ta ɗan akuya.

Daga nan mai unguwa ya saɓa guduma ya nufi ƙofar gidansa, muka bi shi. Bai sa lebura ba, da kansa ya yi ta dukan gadar har ta rufta. Sai da ƙura ta lafa matarsa ta leƙo ta ce, "Maigida, motar fa tana ciki." Ya manta bai fitar da ita ba. Aka yi ta dariya, shi ma yana yi. Da katakai aka lallaɓo ta waje, ta koma kwana gidan surukinsa a Unguwar Rimi, shi kuma ya ƙarasa daminar a keke mai ƙafa uku kamar kowa.

Bayan wannan wa zai buɗe baki? Masu rumfa suka kwance rumfunansu da hannunsu. Aka yi ta gangarowa gida gida har aka iso ƙofata.

Mai unguwa ya sa leburori suka ja baya. Ya dafa kafaɗata, ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"A kan dakalin nan Baba ya sa mini albarka ranar da na fara aiki. Da akwai wata hanya da na bi ta. Ni zan fara, ko kai?"

Na ce ya fara. Ya yi bismilla, ya yi wa Baba addu'a, Malam ya shafa, sannan ya ɗaga guduma. Ni kuwa na tsaya ƙyam kamar soja, hannu a baya. Rodin Baba ya ba shi da leburorin wuya sosai, sai bayan azahar suka ga ƙasan kwatar, abin da ya ɗan sanyaya mini rai.

Masu neman ƙuri'a da yawa sun zauna a kan dakalin nan. Sun sha shayina, sun yi mana alkawarin titi da asibiti, akwai wanda saura kaɗan ya yi mana alkawarin teku. Ban taɓa ganin wanda ya taɓa ko bulo ɗaya na gidansa saboda wani ba. Waɗannan dattawan biyu ba su tara mu sun yi mana wa'azin adalci ba. Malam ma ko a huɗuba bai ɗauko zancen ba. Da na yi niyyar yin fushi, sai na rasa wanda zan yi da shi, domin duk wanda na duba asararsa ta riga tawa. Har yau in na tuna ina yi musu addu'a, Allah Ya ƙara mana irinsu, ko da zan rasa wani dakalin. Ba ni da wani dai.

Ruwan da ya biyo baya na ƙarshen duniya ne, na rantse har kifi na gani ya wuce. Na tsaya a zaure ina kallon kwata tana ɗauke shi tsaf, titi ko jiƙewar kirki bai yi ba ta wajen gangaren. Da rana ta fito aka yi gayya aka ɗaure katangar Inna da bulo. Mai unguwa kuma ya aiko mini da dogon benci daga gidansa, ya ce majalisa ba ta tashi ba. Yakan zo ya zauna a kai, ya bar ni in yi ta zuba ba ya ƙaryata ni.

Bayan kwana biyu na ga ya kamata Inna ta san wanda ya yi mata sadaukarwa mafi girma. Na sa shaddata mai kyau na gangara. Na same ta a tsakar gida, ƙasa a bushe, tana shanya daddawa a faifai. Idonta ya yi rauni, sai da na matso ta gane ni.

"Inna, barka da arziki. Ɗaki ya tsaya."

"Ya tsaya, ɗan nan. Allah Ya yi wa Malam da mai unguwa albarka, Ya rufa musu asiri."

"Amin. Ai babban dakalin nan na sama, wanda ya fi ba da wuya, nawa ne. Ni na ce a fasa. Ko gezau ban yi ba."

Ta ajiye faifan, ta ɗago tana dubana da kyau.

"Ashe kai ne. Jikokina sun dawo suna ba ni labarin wani ƙaton mutum da ya yi ta sharar hawaye da hularsa har aka gama. Tun ranar nake roƙa masa haƙuri a kowace salla. Ya jikin naka yanzu?"