Huhun Goron da Ban Buɗe Ba

Ana sallame asuba muka bar Zongon Parakou, ni da wani abokina mai son yawo fiye da karatu. Masu bin labarina a waya sun san wata biyu ke nan na tsaya a babi na goma. Na ce muku rashin lafiya ne, amma gaskiya zuciyata ce ta mutu. Baitocina na samun tafi, littafin kuwa shiru, har na yanke shawarar barinsa. Ana cikin haka wata baiwar Allah daga Djougou, wadda a da ba ta fashin sharhi, ta rubuto mini: “Mun daina saurare tun babi na tara. In kana son dalili, ka zo.” Na ji haushi ƙwarai, kuma haushin ne ya sa ni a mota.

Kuɗin mota ya hau, kujera kuwa ba ta ƙara faɗi ba. Mu huɗu a baya, da buhun doya a ƙafafuna. Hanya ba laifi, gonakin kanju dama da hagu, matan Fulani na ɗaga wagashi, cukun nono, a bakin titi. Abokina ya yi ta barci, ni kuwa ina shirya amsoshin da zan kare kaina da su.

Da hantsi muka isa, ɗan zem, wato ɗan acaɓa, ya kai mu wani tsohon gida na fataken goro. Ashe “mun” ɗin nan ba fankama ba ce. Mata ne cike da rumfa suna tsintar goro, kuma mai rubuto mini ita ke karanta musu babina kullum yayin da hannuwansu ke aiki. Sai da aka cika mu da sakwara kafin a kai ni gaban surukarta, Hajiya, wadda ta gaji sana'ar tun kakanni.

“Kai ne mai labarin?” in ji Hajiya. “Ɗana, ka taɓa riƙe huhu?”

Na ce a'a, Hajiya.

“To ga shi nan. Ka sa yarinyar nan ta labarinka ta ɗauko goron marigayi babanta, kwana arba'in a hanya, ba ta kwance ko sau ɗaya ba. Ba ta sake ganye ba, ba ta yayyafa ruwa ba, ba ta fid da mai sankara ba. Wai kuma a haka za ta iso ta sayar, ta rufa wa gidansu asiri! Mu tun a hanya mun san kayan sun mutu. Wuwala, shi ke nan, muka ajiye portabul, wayar da ake karanta mana, don ba mu iya jin ana yi wa marainiya ƙarya.”

Ta zaunar da ni a tabarma, ta kwance huhu, ta sa ni tsinta. Na zaɓo wani jajir mai sheƙi na ce wannan lafiyayye ne. Ta fasa shi da farce, sai ga ciki ya ɓaci. Matan suka yi dariya har da tafawa, ni ma na taya su, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunya ta kama ni, amma daɗin da na ji ya fi ta. Ina can ina ƙirga masu danna alamar so, alhali a nan akwai waɗanda suka ɗauki yarinyar da na ƙirƙira tamkar 'yar cikinsu.

Da za mu taso bayan la'asar, Hajiya ta ƙulla mini goro a ganye. “Ka riƙa buɗewa kana dubawa,” ta ce. “Kuma ka gaggauta, mun bar 'yar mutane a daji.”

Mun shigo Parakou ana kiran magariba. Tafiyar ta koya mini cewa shirun mai karatu ba kullum ne rashin so ba, wani lokaci ladabi ne, kuma wanda zai rubuta sana'ar mutane sai ya fara zama a tabarmarsu. Washegari na koma babi na tara, na tsayar da ayarin fataken labarin a bakin rafi, na sa yarinyar ta kwance huhunta. Na tura kafin azahar. Ba a jima ba saƙo ya shigo daga Djougou: “Hajiya ta ce yanzu a ci gaba.”