Na cire fuskarsa, na bar muryarsa

A shekarar da masu zanga-zanga da jajayen riguna suka cika titunan Sokode, ina da ɗan shago a bakin kasuwa inda nake zuba wa mutane wa'azi da waƙoƙi a waya. Yawancin aikina matse bidiyo ne. Tsoho zai zo da wa'azin malaminsa, hoto tar har kana ƙirga gashin gemu, alhali wayarsa mai maɓalli ce. Sai in cire hoton, in matse muryar har ta shige ɗan katinsa. Nakan tsokane su in ce malamin ma ya fi kyau ba a ganinsa.

Ƙanena ɗan zemijan ne, yana ɗaukar fasinja a babur. Ranar wata zanga-zanga ya fita da safe, da la'asar aka kawo mana shi a lulluɓe. Mahaifiyarmu tana Dapaong wurin yayanmu, ƙafa ta hana ta tafiya, hanya kuma a rufe. Aka binne shi ba ta gan shi ba.

Abin da ya rage mini shi ne bidiyon sunan 'yarsa, wanda na ɗauka da hannuna. Yana zaune a tabarma, jaririyar a cinyarsa, abokansa sun kewaye shi suna masa tsiya wai hancin yarinyar ya fi nasa hankali. Uku daga cikinsu jar riga ce a jikinsu, kuma a lokacin gida-gida ake bi ana neman irinsu.

Inna ta kira ni. "Yayanku ya ce kina da hotonsa mai motsi. Ki kawo mini."

Turawa ba ta yiwuwa, an yanke rezo, wato intanet, ko gaisuwa da ƙyar take wucewa. Kaiwa kuma sai an bi shingayen sojoji, inda ake karɓar waya a bincike ta. Ɗaya daga cikin samarin nan ya zo shagona, ya tsaya yana murza makullin babur.

"Yaya, bidiyo ɗin nan, fuskata na ciki. In sojoji sun gani, ni da sauran mun ƙare."

Na ji haushinsa ƙwarai, don shi yana da rai. Amma gaskiya ya faɗa.

Da ya tafi na rufe ƙofar shago, na kalli bidiyon ina maimaitawa har idona ya yi zafi. Sannan na yi masa abin da nake yi wa wa'azin tsofaffi. Na'urar ba ta ɗauki lokaci ba, abin da ya fi ba ni takaici ke nan. Na goge na asalin daga wayar da kwamfutar, na sa muryar tsakanin karatun Alƙur'ani.

A hanyar Dapaong an sauke mu daga mota ba sau ɗaya ba. Wani soja ya buɗe wayata, ya ga ba hoto, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

Na tarar da Inna a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafar mai ciwo. Na kunna mata. Muryar ta fito siririya kamar daga cikin gwangwani, shewar mata ta zama shuu, amma dariyarsa tana nan.

"Mura yake yi?" in ji ta.

Na ce a'a, aikin na'ura ne.

Ta kara wayar a kunne har ya gama magana. Sai ta sauke ta, ta goge fuskar wayar da bakin mayafinta, ta matso da ita kusa da ido. Ba komai sai ɗan layi yana tafiya.

"To, yanzu buɗe in gan shi," ta ce.