Ruwan da Na Ba Shi da Ruwan da Na Hana Shi

A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina zaune a wani ƙauye arewa da Ɗanbatta, irin ƙauyukan da gona ke manne da gona har gindin katangar gida. Haihuwa tara na yi, shida suka rayu, kuma a unguwarmu an san ni da abu biyu: kaifin baki da hannun yaye. Duk matar da ɗanta ya ƙi sakin nono, wurina ake turo ta. In goya yaro kwana bakwai, in mayar mata da shi yana damƙar tuwo. Wannan ya sa kaina ya kumbura, ba na karɓar gyara daga kowa a kan goyo. Yanzu na tsufa, na koyi rubutu a ajin manya, na ga gara in faɗi abin da na aikata da kaina kafin in shiga kabari da shi.

Shekarun fari ne. Damina biyu a jere gero ya bushe a tsaye tun bai fitar da kai ba, gyaɗa kuwa ko irin da muka zuba ba mu mayar ba. Maza suka watse cirani Kano, har da mai gidana. Rijiyar unguwa ta janye, ka saki guga har ƙarshen igiya ka jawo laka. Sai muka koma kududdufin bayan gari inda ake ɗibar ƙasar gini, nan shanu da jakuna ke sha, nan mu ma muke ɗiba. Mu tace da kallabi, mu zuba a randa ya kwanta, in ya yi garau shi ke nan a wurinmu ya tsarkaka. Mu da kara muke girki, kuma shekarar babu kara, ɗan abin da aka samu dabbobi aka ba. Sau ɗaya ake hura wuta a yini. Tafasa ruwan sha ko a mafarki bai zo mini ba.

'Yata ta biyu tana aure a ƙauyen gaba da mu, tafiyar awa guda a ƙafa, tana goyon ɗanta na fari, namiji, wata bakwai. Yaro ne mai kumari, in ya yi dariya har dasashinsa kake gani. Wata rana ta zo gaishe ni, na ga tana ta tofar da yawu, fuskarta ta yi fayau. Ban buƙaci a gaya mini ba, kwanika ta yi, wani cikin ya shiga tana tsakiyar shayarwa. Na yi mata wankin babban bargo. Na ce nononta ya riga ya zama guba, in yaron ya sha ciki ya lalace ita ta jawo. Ta ce da ni a hankali, kanta a ƙasa, wai bai fara cin komai ba tukuna, kuma a wurin awo ta ji an ce mai ciki tana iya ci gaba da ba da nono. Na tambaye ta su masu faɗin hakan yara nawa suka taɓa yayewa. A ranar na kwance shi daga bayanta. Ɗan fari ne, kunya ba za ta bar ta ta yi jayayya da uwarta a kansa ba, kuma na san da haka lokacin da na miƙa hannu.

Abin da girman kai ya hana ni gani shi ne, yaran da na saba yayewa sun doshi shekara biyu, suna tafiya suna cin abinci. Wannan kuwa ban da nono bai san ɗanɗanon komai ba. Na dama masa koko ba sukari, ya furzar. Na sake, ya furzar. Ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Sai na ɗebo ruwan randa a ludayi na kafa masa, ya kama da hannu biyu yana zuƙa, ya yi shiru. Na ce na gano maganinsa. Daga nan duk kukan da zai yi, ruwa. Cikinsa ya yi tim da ruwa, ko kokon ma ya daina karɓa, ni kuma ina gaya wa maƙwabta cewa kwana biyu kacal ya manta da uwarsa.

Rana ta uku zawo ya ɓalle masa. Na ce haƙori ne zai fito. Rana ta huɗu amai ya biyo baya, duk abin da ya shiga sai ya dawo. A nan na yi abin da ya fi na farko muni. Mun taso mun tarar ana cewa in ciki yana gudu a daina zuba masa, sai ya tsaya. Na rufe randa da faifai na ce ba zai ƙara sha ba sai zawon ya ɗauke. Ina ɗaukar moɗa zan sha, yaron nan zai bi ta da ido yana buɗe baki, sai in juya masa baya in sha. Da na ga maɗigarsa ta faɗa, na kwaɓa garin magani na shafe masa tsakar kai, ina jiran ta taso.

Rana ta biyar, ranar kasuwa ce, uwarsa ta zo. A al'ada uwa ba ta leƙo yaron da aka kai yaye sai kwanakin sun cika, don haka ta fake da cewa kuka ta kawo mini ta miya. Na tare ta a soro. Gaban rigarta ya jiƙe sharkaf da nono, tana ta jan mayafi tana rufewa. Ba za ta iya kiran sunansa ba, sai ta tambaye ni ya baƙon nawa. Na ce lafiya lau, barci yake, kuma in ya ji ƙamshinta duk wahalar da na yi ta tashi a banza. Ta daɗe a tsaye tana kallon ƙofar ɗakina. Tsakaninta da shi bai fi taku goma ba. Da ya yi ko ɗan ƙaramin kuka na san da ta ture ni ta shiga, amma ba shi da ƙarfin kukan, ni kuma na ɗauki shirun nan a matsayin sabo. Ta ajiye ƙullin kukar ta juya.

Washegari da safe idanunsa suka zurma, leɓensa ya tsage, na ja fatar cikinsa ta tsaya yadda na ja ta. Tun jiya bai yi fitsari ba. A nan tsoro ya shige ni. Na goya shi na taka zuwa bakin titi, na sami mota zuwa asibitin gari. Malamar asibitin ta tambaye ni yaushe rabonsa da shan wani abu. Na ce kwana biyu. Ba ta yi mini faɗa ba, kallona kawai ta yi, wallahi da ma zagina ta yi. Suka nemi jijiyar da za su yi masa ƙarin ruwa a hannu, a ƙafa, har a ka, ba su samu ba. Kafin azahar ya cika. Bayan malamar ta rufe shi ta zaunar da ni ta ce ruwan kududdufi ko ya yi garau cuta na cikinsa sai an tafasa, yaro mai zawo kuma ƙara masa ruwa ake yi, da ɗan gishiri da sukari, ba a hana shi. Ta ce nonon mai ciki ba guba ba ne, da ma a ce uwarsa tana kusa ta ba shi. Ban gaya mata cewa jiya na kori uwar daga soro ba.

A bayana na dawo da shi, na lulluɓe shi da mayafi kamar mai rai don kada direba ya ƙi ɗaukata. Wata mata a motar har tana yaba masa, wai yaron ba shi da rigima.

Masu zuwa gaisuwa suka yi ta cewa shan cikin ne ya riga ya kama shi, wasu har suna yi mini sannu da ƙoƙari. Ni kuma na karɓi sannun. 'Yata ba ta yi kururuwa ba. Bayan sadakar uku, da muka rage mu biyu a ɗaki, ta tambaye ni abu ɗaya tak, ko ya sha ruwa kafin ya tafi. Na ce ya sha, ya sha har ya ƙoshi. Ta ce alhamdulillahi, ta share ido. Cikin nan ta haifi mace, bayanta ta yi wasu biyar, ko ɗaya ba ta kawo mini yaye ba, kuma ba ta taɓa faɗin dalili ba. Har yau in na je gidanta ita take kawo mini ruwa da kanta, ta durƙusa ta miƙo, ni kuma dole in sha tana kallo.

Na san rai na Allah ne kuma kwana ba ya wuce ƙa'idarsa, amma wannan bai wanke hannuna ba. Na ba shi ruwa lokacin da nono yake nema, na hana shi lokacin da ruwan ne zai tsayar da ransa, duka biyun da gadarar na iya. Kakanni 'yan'uwana, ku nake ji wa tsoro, don mu ne ba a iya yi wa musu. Kada ku raba jariri da nono don uwarsa ta yi ciki, kada ku toshe masa baki da ruwa don kukansa ya dame ku, wanda za ku ba shi kuma ku tafasa ko da karan dangar gida ne. In zawo ya kama shi ku yi ta ba shi, ku kama hanyar asibiti tun yana da ƙarfin kuka.

'Yata tana karanta mujallar nan, kuma in ta zo nan ta riga ta gane ko wace ce. Na kasa faɗa miki ido da ido, shi ya sa na rubuta. Bai sha ba. Ni na rufe randar.