Katin Taba Da Tsagar Mahaifiyata

A shekarun da alhazai ke sauka Jidda ta jirgin ruwa, ni saurayi ne mai dako a mina, wato tashar jiragen ruwa, haifaffen unguwar Karantina, mai son a ce na waye. Ba na shan taba, amma na kamu da tara ƴan katunan da ake sakawa cikin kwalinta, waɗanda tsofaffin ma'aikatan jirgi ke ba ni. Ga sarakunan Turawa, ga sojoji, ga matansu fuska sumul. Ko a kati, su ne mutane.

Wata rana aka ba ni mai hoton baƙar mace da tsaga a kumatu. Wani akawu ya karanta mini rubutun yana dariya, wai jerin ƙabilun daji ne. Wallahi sai na ga fuskar mahaifiyata, Bagobira mai sayar da waina a ƙofar mina. Na je na ɗora mata katin a cinya, na ce abin da duniya ke kiranmu ke nan, ta daina ba ni kunya gaban abokaina. Ta daɗe tana kallonsa, ta ce halas, wato shi ke nan, ta ji. Tun ranar ta sa niƙabi, ko waina take juyawa ba ta ɗagawa. Ni kuwa har daɗi na ji.

Bayan aikin hajjin shekarar, wani maƙwabcinmu ya ba mu labarin wani dattijo daga Gobir da ya yi ta zagaye mina yana duba fuskokin mata masu talla. Ƙanwarsa yake nema, wadda aka taho da ita a ƙafa tana ƙarama, kuma tsagar gidansu kaɗai ce shaidarsa. Da maƙwabcin ya faɗi sunan garin da na uban, mahaifiyata ta zauna a ƙasa. Yayanta ne, jirginsu kuma ya riga ya tashi. Ta ce mai yiwuwa ma ya ci wainarta. Mun aika masa saƙo ta hannun alhazan shekarar da ta biyo baya, amsar da ta dawo mana sai ta'aziyyar rasuwarsa.

Ba ta taɓa zagina ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Na gane wanda ya buga katin bai san mu ba, ni da na san ta ni na yanke mata hukunci. Jama'a, kada ku bari baƙo ya gaya muku darajar iyayenku. Ta yafe mini kafin ta rasu, amma ta tafi ba ta ga ko mutum ɗaya na gidansu ba.