Tsatsar da Na Goge

Gidanmu gidan maƙera ne, amma ni ko zuga-zugi ban iya ba. Baba ya sha faɗa a gaban mutane cewa hannuna na cin tuwo ne kawai. Har na zo Doha na zama direba maganar nan tana cina, kullum ina jiran ranar da zai janye ta.

Kafil ɗina, maigidan da ya kawo ni, ba shi da wata cuta sai ta tara tsofaffin takubban Japan. Ɗaki guda ya ware musu, na'urar sanyi ba ta hutawa, alhali mu shida muke rabon fanka ɗaya a ɗakinmu na unguwar Najma. Takubban da ko albasa ba sa yankawa!

Da aka ce wani masani zai zo daga Japan ya duba sabon da aka sayo, maigida ya ce in share ɗakin. Na taɓa ganin yadda yake cire wani ɗan tsinken gora ya zare ƙota, sai karambani ya sa na gwada. Ruwan takobin sai ka ce madubi, amma gindin da ke shiga ƙota baƙi ƙirin da tsatsa. Kunya ta kama ni a madadin maigida. Baƙo ya taso tun daga Japan ya tarar da wannan ƙazanta? Na nemo samfefa da lemon tsami na zauna. Wasu 'yan zane-zane da na gani a jiki, su ma na bi su har suka shafe. Na ɗauki hoto na tura gida a nuna wa Baba.

Washegari masanin ya iso, wani dattijo marar hayaniya. Ya rusuna wa takobin kamar ya ga surukinsa, ya zare ƙota, ya ƙura wa gindin ido. Maigida ya tambayi wanda ya taɓa, na ɗaga hannu ina washe baki. Sannan tafintan masanin ya yi bayani: da tsatsar nan ake gane shekarun takobi, zanen kuma sunan wanda ya ƙera shi ne.

"Khalas," in ji maigida da Larabci, wato an gama. "Ajiye makullin mota."

Na ji zafi, amma aiki ana samun wani. Da la'asar sai ga kiran Baba da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

"Ashe dai jinin yana nan," ya ce. "Aiki ya yi kyau."

Da na ja bakina na yi shiru, da shi ke nan. Amma daɗi ya kwashe ni, na ba shi labari don mu yi wa masu sayen tsatsa dariya tare. Ya yi ta dariya kuwa, har na zo kan batun suna.

"Maƙerin yana da rai?"

"Ya mutu tun tuni, Baba."

"To, abin da ya rage masa ke nan a duniya. Ni shekara hamsin ina ƙira, ko lauje ɗaya babu sunana a kai. Wani ya samu ya sa nasa, ɗana ya goge."

Ya miƙa wa Inna wayar.